Waiwaye: Yadda Malaman Akanta na Ƙananan Kwalejojin Amurka Suka Ware Tasu Ƙungiyar

A shekarar 1901 aka buɗe wani ɗan aji a garin Joliet na jihar Illinois, da ɗalibai shida kacal. Shugaban makarantar sakandaren garin, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, su ne suka kitsa abin, domin yaron da ya gama sakandare ya yi shekara biyun farko na karatun jami'a a kusa da gida. Daga nan ne kwalejojin shekara biyu na gwamnati suka samo asali a Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu, dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin makaranta ta cika su maƙil, sannan kwamitin Shugaba Truman na 1947 ya yayata sunan da ake kiransu da shi yau, wato kwalejojin al'umma. A shekarun 1960 kuwa, kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa.

Su malaman akanta sun riga sun yi ƙungiya tun 1916, amma ta malaman jami'a ce, har a sunanta. Ta fara fitar da mujallarta, The Accounting Review, a 1926, kuma a 1936 ta koma amsa sunan American Accounting Association. A wancan lokacin ba a ga wata ɓaraka ba, don malamin jami'a ma yawanci tsohon akanta ne da ya baro ofis ya kama alli.

Abin ya sauya a 1959. Gidauniyar Ford da ta Carnegie suka fitar da rahotanni biyu da suka caccaki makarantun koyon kasuwanci, suna ganin sun zama wurin koyon sana'a kawai. Jami'o'i suka ji zafin maganar, suka juya ga bincike: sai mai digirin dakta, sai ƙididdiga, sai maƙalar da ba mai fahimtarta in ba ɗan'uwanka farfesa ba. Taron shekara-shekara ya bi sahu.

To, ka ɗauki malamar da ke koyarwa a kwalejin al'umma. Aji biyar take ɗauka a zango ɗaya, wani ma da daddare. A gabanta akwai mai aikin kanti da ya taso daga aiki ko abinci bai ci ba, da matar da ta bar yara wajen maƙwabciya, da yaron da kuɗin jami'a ya gagari iyayensa. Damuwarta ita ce yadda za ta sa su gane dalilin da kowane ciniki ake rubuta shi sau biyu, kuma me ya sa lissafin ya ƙi daidaituwa a ƙarshen wata. In ta je taron farfesoshi, me za ta kwaso? Ba a kore ta ba, gaskiya, har sashe na musamman babbar ƙungiyar ta ware wa kwalejojin shekara biyu. Amma zama a inuwar wani daban, gina rumfarka daban. Haka aka samu ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da TACTYC, ta malaman akanta na kwalejojin shekara biyu, wadda taronta ya fi karkata ga aji: dabarun koyarwa, littafin da ɗalibi zai iya saye, manhajar kwamfuta da ake aiki da ita a ofisoshi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen komawa jami'a. Ɗalibi ya gama shekara biyu, ya kai takardunsa, sai a ce darussan farko an karɓa, amma na gaba sai ya maimaita, wai na manyan aji ne. Duk wanda ya san takun saƙar da ke tsakanin HND da digiri a Najeriya ba zai ji abin baƙo ba. Ni dai ina ganin a nan jami'o'in ba su kyauta ba, tunda hukumar gyaran karatun akanta da aka kafa a 1989 ta fito a 1992 ta jaddada cewa darasin farko na da matuƙar muhimmanci, kuma ɗimbin ɗalibai a waɗannan kwalejoji suke ɗaukarsa.

Sai kuma batun awa 150, wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka, ba awannin agogo ba. A 1988 mambobin babbar ƙungiyar akantoci, AICPA, suka amince cewa mai son shiga ƙungiyar bayan shekarar 2000 sai ya yi awa 150 na karatu, alhali digiri awa 120 ne. Jihohi suka bi ɗaya bayan ɗaya, suka mai da shi sharaɗin zama ƙwararren akanta. Abin dariya, masu digiri da yawa suka riƙa dawowa kwalejin al'umma domin cike gurbin awa 30 ɗin da araha, a hannun malaman da a da ake yi wa kallon hadarin kaji. Yanzu kuma da ƙarancin akantoci ya fara cizo, an soma sassautawa: a farkon 2025 jihar Ohio ta yi dokar da ta yarda da digiri da aikin shekara biyu a madadin ƙarin awannin, wasu jihohi kuma suka bi bayanta.