Waiwaye: Yadda gwamnatoci suka fara sa hatimi kan karatun tsaron intanet

Duk shekara da an fitar da sakamakon bak, iyaye a Damagaram kan shiga neman inda za su kai ƴaƴansu, kuma a ƴan shekarun nan sunan da ke yawan fitowa a bakin samari shi ne karatun tsaron intanet. Wani zai ce Yamai, wani Dosso, wani kuma a tsallaka ta Matamaye ko Magarya a nufi Kano. Tambayar uba dai ɗaya ce: "Gwamnati ta san da takardar?" Amincewar da yake tambaya iri biyu ce, kuma tarihinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ta girmi intanet ɗin kanta. A Yamai aka kafa CAMES, hukumar ilimin jami'a ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a 1968, wadda ke da mazauni a Wagadugu, kuma a 1972 ƙasashen suka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar amincewa da takardun shaidar juna. Daga baya tsarin lisans, masta da dokta ya shigo, bayan umarnin 2007 na UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da sefa. Jami'ar Damagaram, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, an kafa ta a 2010 tare da na Maraɗi da Tawa. Ta Dosso, da aka ba fannin fasahar sadarwa, ta zo a rukunin 2014. Wannan amincewa tana tabbatar da cewa makaranta na da izini kuma takardarta na da daraja wajen neman aiki ko ƙarin karatu. Ba ta shiga cikin ko ɗalibi ya iya gano ɓarawon da ya kutsa na'urorin banki ba.

Ta biyun daga Amurka ta faro. A 1999 hukumar leƙen asiri ta NSA ta fitar da wani tsari na ware jami'o'in da suka cika sharuɗɗanta a koyar da tsaron bayanai, kuma jami'o'i 7 ne suka samu a karon farko. Dalilin a fili yake: gwamnati na neman ma'aikata, jami'o'i kuwa kowacce na koyar da abin da ta ga dama a ƙarƙashin suna ɗaya. Sai hukumar ta ce a kawo mata manhaja ta auna da nata ma'aunin, a nuna malamai da ɗakunan gwaji, sannan a riƙa sabunta shaidar bayan ƴan shekaru. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta shigo a 2004, aka buɗe wa kwalejojin shekara biyu ƙofa a 2010, kuma yau makarantun da ke da wannan shaida sun haura 400. An haɗa da tallafin karatu wanda ɗalibi ke biya da yi wa gwamnati aiki bayan ya gama, kuma a ganina wannan ne ya ba hatimin nauyi. Ingila ta bi sahu a 2014 da tantance karatun masta, Faransa kuma, ta hannun hukumarta ANSSI, ta fito da shaidar SecNumedu a 2016.

Abin lura a duka ukun, hukumar tsaro ce ke aunawa, wato mai ɗaukar aikin da kansa, ba ma'aikatar ilimi kaɗai ba. Akwai masu sukar hakan, suna cewa bai dace jami'a ta zama wurin horar wa ƴan leƙen asiri yara ba, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya.

A Nijar dokoki ne suka yi gaba. An yi dokar kare bayanan mutane a 2017, wadda ta haifar da HAPDP, hukumar da ke kula da kare waɗannan bayanai, kuma a shekarar ne aka kafa ANSI, hukumar ƙasa ta bunƙasa fasahar sadarwa. A watan Yulin 2019 aka yi dokar yaƙi da laifukan intanet, wadda jama'a suka fi sani saboda kama masu rubutu a Facebook da WhatsApp. An sassauta ta a 2022, aka sake tsaurara ta a 2024. Surutun ɓata suna ya danne sauran abin da ke cikinta, alhali alƙali ba zai yanke hukunci kan kutse ba sai an samu ƙwararren da zai fito da hujja daga waya ko kwamfuta.

Masu tunanin tsallakawa waje kuma su tuna da Janairun 2024, lokacin da Najeriya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano da ke Benin cikin makonni 6. Masu gaskiya da yawa sun sha wahala tare da masu laifi. A Najeriya hukumar kula da jami'o'i ta NUC ce ke tantance kowane fanni daban, don haka jami'a na iya zama halastacciya amma sashen tsaron intanet ɗinta bai samu amincewa ba tukuna. Haka ma CAMES, takarda takarda take dubawa. Uban da zai sayar da buhunan gero ko ɗan bijimi don biyan kuɗin rajista, ya nemi a nuna masa takardar izinin wannan fannin da sunansa, sannan ya tambayi ɗaliban aji na uku sau nawa suke zama gaban na'ura a mako.