Waiwaye: Daga ƙwarya zuwa leda, kayan da Gulbin Maradi ke kawo wa masunta

Wata safiya cikin watan Agusta na tsaya bakin Tabkin Madarunfa ina kallon wani dattijo yana zazzage kallinsa, wato ragarsa ta kamun kifi. Kifin bai taka kara ya karya ba: ƴan karfasa ne da tarwaɗa biyu. Sauran abin da ragar ta ɗebo shi ya tsayar da ni. Ledojin fiya-wata sun manne da zaren kamar ganye, ga silifas ƙafa ɗaya na ƙaramin yaro, ga kwalbar maganin ƙwari da marfinta a rufe, ga wani yagaggen gidan sauro da ya nannaɗe igiyar har sai da ya sa wuƙa. Na ce, "Baba, duk wannan daga ina?" Bai ɗago kai ba, ya dai nuna kudu da haɓarsa.

Haka kusan kowa yake amsawa a nan, kuma akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Kafin a gane sauran rabin sai an bi hanyar ruwan.

Gulbin Maradi ba ɗan gida ba ne. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa Gada, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya ratsa ƙasar Madarunfa da Jiratawa, ya bi ta gefen birnin Maradi, ya wuce Tibiri da Gidan Rumji. Bayan tafiyar fiye da kilomita 100 a cikin ƙasarmu sai ya sake komawa Najeriya, ya haɗe da Rima wadda ta nufi Sakkwato. Shi kuwa tabkin Madarunfa, babban mai shayar da shi Gulbin Gabi ne, mai gangarowa ta yankin dajin Baban Rafi. Duka biyun ruwan damina ne. Wata takwas ko tara na shekara gulbi rairayi ne zalla, amalanke na bi, yara na ƙwallo, masu tifa na ɗibar yashi. Wannan shi ne tushen maganar: duk abin da aka yar cikin kwarin tun daga kaka har bazara yana nan kwance yana jira, ruwan farko ne ke kwashe shi gaba ɗaya. Shi ya sa masunta suka fi ganin abin mamaki a makonnin farko na zuwan gulbi.

A da ma gulbi yana kawo kaya, ba yau ya fara ba. Tsofaffi suna lissafa ƙwarya da ludayi, turmi, akushi, tabarmar kaba, jinkar ɗaki, dankin kara, wani lokaci rumbu guda da ruwa ya tumɓuke daga tsakar gidan wani. Kututturan itace kuwa arziki ne, mata da yara kan tsaya bakin gaɓa da ƙota suna jawowa don girki. Akan ga mushen akuya ko na jaki. Akan ga ƙullin laya ko ƴar ƙwarya rufe da faifai, irin wadda wani ya kai wa ruwa da wata niyya tasa, a ƙasar da bori ya daɗe da kafuwa. Masunci ba ya taɓa irin wannan, sai ya ture ta da gora ta wuce, in abin ya dame shi ya kai maganar gaban sarkin ruwa. Abu ɗaya ya haɗa duk kayan nan: daga ƙasa suka fito, kuma ƙasa ke cinye su. Ƙwaryar da ta maƙale a fadama, kafin damina biyu ta zama taki.

Mutanen Maradi ba sa buƙatar a faɗa musu ƙarfin wannan ruwa. Tsohon birnin a cikin fadama yake, kusa da gulbi, har shekarar 1945 da ambaliya ta rushe shi, Turawan mulkin Faransa suka mayar da gari kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Maradawa da sunayensu suka hau tudun. Sai dai hawan nan ya zo da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Tunda gari ya koma sama, gulbi ya zama ƙasan gari, duk ruwan da ya sauka kan rufi da titi da kasuwa can yake gangarawa, da duk abin da ya tarar a hanya. Lokacin da sharar gida toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki, wannan bai cuci kowa ba, manoma ma saye suke su kai gona.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin, kuma kusan tare suka zo. Na farko madatsar Jibiya, wadda aka kammala a farkon shekarun 1990, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 140. A 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, Gada da Gulbin Maradi na cikinta. Duk da haka manoman fadama da masunta sun daɗe suna kukan cewa gulbi ba ya zuwa da yawa da daɗewa kamar da. Ruwan da bai da ƙarfin wuce da kaya sai ya zube su a lanƙwasa, cikin gurabe da kududdufai, daidai wuraren da kifi ke taruwa kuma ake kafa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa.

Na biyu leda. Baƙar ledar kasuwa ta kori ƙwarya da kwando da ganyen da ake ƙunshe ƙosai, ruwan leda ya kori randar bakin hanya, bido ya kori tulu. Irin robar da ake yin ledar da ita ta fi ruwa sauƙi, saboda haka ba ta nutsewa sai laka ta cika ta, ba ta kuma ruɓewa, rana ce kawai ke farfasa ta ƙanana-ƙanana. Kwalbar da aka rufe da marfinta kuwa kwalekwale ce, tana iya tasowa daga wata kasuwa a ƙasar Katsina ta iso Tibiri ba ta sha ruwa ba. A watan Nuwamban 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙera irin wannan leda da shigo da ita da sayar da ita. Wanda ya shiga babbar kasuwar Maradi yau ya sayi tumatir na dala ashirin ya san inda dokar ta tsaya.

Cikin duk kayan zamani, kwalaben maganin ƙwari suka fi tayar mini da hankali. Lambunan zogale da albasa da tattasai sun cika gefen gulbi, musamman wajen Jiratawa, feshi kuma ya zama ruwan dare. In an gama sai a jefar da kwalbar bakin rijiyar lambu. Na ga yaro ya tsinci irinta a bakin ruwa, ya ɗauraye sau ɗaya, ya cika ta ya kafa kai. Gidan sauro ma labarinsa mai ciwo ne: an raba shi don kare yara daga zazzaɓi, in ya tsufa sai ya koma shingen lambu ko abin tatar ƙananan kifi, daga nan ruwa ya ja shi, ya ci gaba da kama ƴaƴan kifi a ƙarƙashin ruwa ba mai shi. Tabkin Madarunfa, da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, an sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2019, amma wannan bai sa an tace abin da ke shiga cikinsa ba.

Akwai kuma ranakun da gulbi ke kawo abin da ba a son faɗa. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan dare ya auka wa Jibiya, mutane fiye da 40 suka rasu, ruwa ya tsallako iyaka da wasu gawawwakin, a ɓangaren Nijar aka tsamo su. Tare da su akwai dabbobi da katifu da ƙyamaren ɗaki da kwanukan amare. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mutanen ƙauyukan bakin gulbi da suka shiga ruwa suka tsamo su ba su tambayi ɗan wace ƙasa ba ne, don dama dangi ne, Katsinawa ne suka kafa Maradi. A ƙarshen Agustan 2024 kuma abin ya faɗo kan Maradi kanta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidaje suka zube, aka rasa rayuka. Magudanan da leda ta toshe sun ƙara wa ruwan hanyar shiga gidaje, abin da ya kwasa kuma gulbi ya nufa da shi.

Nan ne nake ganin nunin da dattijon nan ya yi da haɓa bai cika ba. Mu a Maradi muna nuna Jibiya. Masuncin Tibiri da na Gidan Rumji in suka nuna inda shara ke fitowa, mu suke nunawa. Wanda ke jefa ragar birgi a Rima kuwa, abin da ya ɗebo daga Nijar ya zo masa, alhali wani sashensa daga ƙasarsa ya taso ya zaga ta wajenmu. Ƙorafi kan madatsa yana da hujja, kuma aikin hukumomin ƙasashen biyu ne. Jujin da ke bakin gangaren unguwanninmu kuwa, wanda ake zubawa da rani ana cewa ruwa zai tafi da shi, wannan ba sai an je Maiduguri ba.

Dattijon bai mayar da komai cikin tabki ba. Ya tara ledojin da kwalbar a gindin wata bishiya, ya ɗora dutse don kada iska ta kwashe, ya ce in sun bushe zai ƙona. Silifas ɗin kaɗai ya ware, ya rataye shi a reshe inda mai wucewa zai gani, sannan ya zauna ya fara ɗinke inda wuƙa ta yanka a kallinsa.