Me ake nufi da ware ƙarafa a masana'antar sake sarrafa shara?

Ware ƙarafa shi ne aikin raba kowane ƙarfe da ɗan'uwansa, a kuma fitar da su daga cikin roba da gilashi da katako da ƙasa, bayan babban injin daddatsawa ya farfasa tarkace. Tsohuwar mota, firjin da ya mutu, wayoyin lantarki, har tokar da ke saura idan an ƙona shara, duk a cakuɗe suke shigowa. Kamfanin narka ƙarfe kuwa tsabtar kaya yake dubawa kafin ya yanke farashi.

Matakin farko ba shi da wuya. Ana rataye maganaɗisu a saman bel ɗin da ke jan tarkacen, ya tsince baƙin ƙarfe. Alminiyam da jan ƙarfe da tagulla da tutiya da dalma sai su wuce abinsu, domin maganaɗisu ba ya kama su.

A nan ne dabarar da ta fi burge ni take. A ƙarshen bel ana sa wata ganga cike da maganaɗisu masu ƙarfi, tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Juyawar tana tayar da 'yar wutar lantarki mai kewayawa a jikin duk ƙarfen da ya zo kusa, wutar kuma ta haifar da nata maganaɗisun da ke ture na gangar. Sai ka ga guntun alminiyam ya yi tsalle ya tsallake allon da aka kafa, roba da duwatsu kuma su zube a gindin bel. Alminiyam ya fi kowa nisan tsalle saboda wuta na ratsa shi sosai, ga shi ba nauyi. Dalma da ƙyar take motsawa.

Abin da ya tsallaka ɗin ma gauraye ne, don haka sai a koma ga nauyi. Alminiyam ya ninka ruwa nauyi sau 2.7, jan ƙarfe sau 8.9, dalma sau 11.3. Idan aka zuba su cikin ruwan da aka kaurara da garin ƙarfe, alminiyam ya taso, sauran su nutse. Manyan masana'antu suna ƙarawa da na'urorin da ke haska kowane guntu da hasken eksire, su gane irinsa, sannan bututun iska ya hure shi zuwa nasa akwatin cikin ƙiftawar ido.

Me ya sa ake wannan wahala? Narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake kashewa wajen samar da sabo daga ma'adini. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata.

Amma a ganina babban dalilin shi ne gurɓatar wani ƙarfe da wani. Ƙaramin injin lantarki, irin wanda ke juya fanka ko ɗaga gilashin mota, jikinsa baƙin ƙarfe ne, cikinsa kuma wayar jan ƙarfe ce a nannaɗe. Maganaɗisu na ɗauke shi gaba ɗaya. Da zarar jan ƙarfen ya narke cikin baƙin ƙarfe, wutar tanderu ba ta iya fitar da shi, kuma kaɗan ya isa ya sa ƙarfen ya riƙa tsagewa lokacin da ake murza shi da zafi. Ƙarfen da zai iya zama jikin mota sai ya ƙare a rodin gini, jan ƙarfen mai tsada kuma ya salwanta. Shi ya sa har a masana'antun da suka fi kayan aiki za ka tarar da ma'aikata a gefen bel suna tsince irin waɗannan ƙananan injina da hannu, tare da batiran litiyam, waɗanda ke kama wuta idan inji ya fasa su.