Franz Liszt da Kiɗansa na Rigoletto: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne Franz Liszt?

Makaɗin fiyano ne kuma mai tsara kiɗa. An haife shi ranar 22 ga Oktoba, 1811, a ƙauyen Raiding, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin Hangari, yanzu kuma yana cikin Ostiriya. Mahaifinsa, wanda yake yi wa gidan sarautar Esterhazy aiki, shi ne ya fara ɗora masa hannu a kan fiyano, kafin ya kai shi birnin Biyana wurin malam Carl Czerny. Da suka isa Paris a 1823, babbar makarantar kiɗa ta birnin ta ƙi karɓar yaron saboda baƙo ne.

Yaya aka yi sunansa ya cika Turai?

A 1832 ya ji Paganini, gwanin gogen Italiya, sai ya ƙudura cewa abin da wancan ya yi da goge shi ma sai ya yi shi da fiyano. Daga 1839 zuwa 1847 bai zauna wuri ɗaya ba, ya kaɗa tun daga Lisbon har Mosko, kuma a shekarar ƙarshe ya kai Istanbul, inda ya yi wasa a fadar Sarki Abdulmajid. Yana da shekara 35 ya daina yawon kiɗa don kuɗi, ya zauna a Weimar ta Jamus yana tsara kiɗa da koyarwa. Ya karɓi ƙananan muƙaman coci a Roma a 1865, ya rasu a Bayreuth ranar 31 ga Yuli, 1886.

Me ya haɗa mai fiyano da opera?

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da waƙa, kuma a lokacin babu faifai babu rediyo, don haka wanda ba ya kusa da babban gidan wasa ba shi da hanyar jin ta sai idan an sauko masa da ita kan fiyano.

Wane labari ne a cikin Rigoletto?

Rigoletto opera ce da Giuseppe Verdi ya tsara, aka fara nuna ta a birnin Benis a 1851. Rigoletto wawan sarki ne mai doro a fadar basaraken birnin Mantua. Basaraken mutum ne mai neman mata, wanda ya yaudari Gilda, 'yar Rigoletto. A kashi na ƙarshe uban ya kai 'yarsa bakin wata mashaya don ta gani da idonta: a ciki basaraken yana zuba wa wata mata mai suna Maddalena daɗin baki tana yi masa dariya, a waje kuwa Gilda tana kuka, uban yana ƙulla ramuwa. Su huɗun suna rera waƙa lokaci guda, kowa da abin da ke cin ransa.

To, me Liszt ya yi da wannan wuri?

A 1859 ya ɗauki wannan waƙa ta mutum huɗu ita kaɗai, ya bar sauran wasan, ya mayar da ita kiɗan fiyano na kusan minti bakwai domin surukinsa Hans von Bülow, mijin 'yarsa Cosima. Bayan ɗan share fage, muryar basaraken takan shigo a tsakiyar fiyano da taushi, dariyar Maddalena ta riƙa tsalle a gajerun sautuka, kukan Gilda kuma ya fito daga sama, duk a lulluɓe da gudun yatsu mai kama da yayyafi.

Ina wahalar kaɗa shi take?

Mutane sukan zaci saurin ne, amma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba, domin matasan makaɗa da yawa suna da sauri. Wahalar ita ce yatsu goma su raba murya huɗu ta yadda mai sauraro zai bambance mayaudari da wadda aka yaudara, alhali adon da ke kewaye da su bai danne waƙar ba. Akwai masu zargin Liszt da cewa ya mayar da baƙin cikin Gilda kayan nuna gwaninta, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, tun da kiɗan yana ƙarewa da ƙarfi da armashi, alhali a wasan Verdi, Rigoletto yana buɗe buhun da ya zaci gawar basaraken ce a ciki, sai ya tarar da 'yarsa tana numfashin ƙarshe.