Wankin Rigar Sanyi ta Ulu

Ulu zare ne da ake samu daga gashin tumaki. A Damagaram ana fito da rigunansa ne lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma da yawansu daga ƴan gwanjo na kasuwar Dole ake sayo su. Ba kowace rigar sanyi ba ce ta ulu. Akwai ta zaren roba mai jure wahala. Idan aka zare silin zare aka ƙona, ulu kan yi ƙaurin gashi ya murmushe, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule.

Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa kamar na kifi. Ruwan zafi da sabulu mai kaifi suna buɗe su, cuɗa kuma tana sarƙe su da juna. Shi ke sa riga ta tsuke ta yi tauri, kuma ba ta komawa yadda take. Saboda haka dirza da bugu da murɗawa, waɗanda suka dace da atamfa da shadda, su ne ke kashe ulu. Omo da sabulun soda sun yi masa ƙarfi, ruwan jabel kuwa, wato bilic mai sa tufa fari, cinye shi yake yi.

Ana zuba ruwa kamar lita 5 a roba mai faɗi, kada zafinsa ya wuce digiri 30. A taɓa a ji, domin ruwan jarkar da ta wuni a rana yakan zarce haka. A narkar da ƙaramin cokali ɗaya na shamfu marar ƙarfi, a juya rigar ciki waje, a nutsa ta tsawon minti 10 zuwa 15, ana ɗan dannawa da tafin hannu. Wuya da bakin hannu, inda datti ke taruwa, da yatsa ake shafa su. Ɗauraya biyu ta isa, muddin ba a cika shamfu ba, abin lura ne a garin da ruwa ke da tsada. Ɗumin ruwan ɗauraya ya zama daidai da na wankin, don sauyi daga ɗumi zuwa sanyi ma yana tsuke zare.

A tallabo rigar da hannu biyu, a shimfiɗa ta kan tawul, a naɗe kamar tabarma a danne. Ba a rataye ta a igiya: nauyin ruwa zai ja kafaɗu da hannuwa su zube. A kwantar da ita kan busasshen tawul, a daidaita siffarta, a bar ta cikin ɗaki ko rumfar da ƙura ba ta kaiwa, a riƙa juya ta. Iskar hunturu ta wadatar. Rana tana kashe launi, tana busar da zaren ya yi kaushi.

Kafin ajiyar bazara a wanke ta, domin tsutsar asu ta fi bin ulu mai gumi. Idan ta bushe sarai a ninke ta a sa cikin jakar da ke rufuwa.