Sambatun zazzaɓi ba shaida ba ne

Da damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba, mu ma'aikatan ƙananan asibitocin Zariya mun san abin da ke tafe. Kududdufan cikin birni sun cika, ciyawa ta rufe bakin rafin Kubanni, sauro ya samu gari. A wannan lokacin ne kuma zancen mayu ke yawaita a unguwanni.

Bara, bayan sallar isha'i, aka shigo mini da yaro ɗan shekara huɗu, kakarsa ta saɓo shi a kafaɗa, uwar na biye da mayafi a hannu. Da na ɗaga rigarsa zan sa ma'aunin zafi a hammata, sai ga layu uku a wuya, guru a ƙugu, jikin yana ta ƙaurin hayaƙi da tafarnuwa. Leɓensa ya fashe, haƙorin gaba guda ya karye, wurin da aka cusa cokali.

Na ce, "Inna, yaushe jikin ya fara zafi?"

Ta ce, "Shekaranjiya. Amma 'yar nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne, kama shi aka yi. Da bakinsa ya kira sunanta."

A hankali labarin ya fito. Daren farko mujiya ta yi kuka a kan katanga, kakar ta ce ba lafiya ba. Washegari yaro ya fara sambatu yana kiran wata tsohuwa mai ƙosai a ƙofar gidansu. Samari suka je suka jawo ta, aka tilasta mata ta tsallake shi don ta saki kurwarsa. Wuni guda aka ɓata a kan haka. Sai da ya fara taune-taune, ido ya kafe, sannan aka nemi Keke.

Na soki yatsarsa na ɗiga jini a abin gwaji. Minti 15 ake jira, amma tun kafin su cika layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro: zazzaɓin cizon sauro. Muka yi masa allurar farko ta artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, muka tura su Asibitin Koyarwa na Shika a daren.

Ƙwayar cutar da macen sauro ke sakawa tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa. Idan aka bar ta, ƙwayoyin jinin da ta kama sai su riƙa mannewa a ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Daga nan ne sambatu ke fitowa, da gane-gane, da jijjiga, da suma. Sanƙarau ma, wanda ya fi zuwa da bazara, yana yin haka. To wanda ƙwaƙwalwarsa ta rikice wa zai kira? Wanda yake gani kullum. Yaron da kowace safiya yake miƙa wa tsohuwa kuɗin ƙosai, ba sunan Sarkin Zazzau zai ambata ba. Na sha tsayawa a kan masu sambatu suna kiran uwayensu, har da sunana an taɓa kira, amma ban taɓa ganin an ce ma'aikaciyar jinya mayya ce ba. Kullum sunan da ake riƙewa na wadda ba ta da gata ne: tsohuwa, ko bazawara, ko baƙuwa a unguwa.

Ni ba na yanke wa kowa laya. Ni ma da ita na tashi a wuya, kuma har gobe idan idona ya yi rawa sai na ji gabana ya ɗan faɗi kafin in yi wa kaina dariya. Hukuncin laya na bar wa malamai, su da suke tuna mana kullum cewa addini ya yi umarni da neman magani. Abin da ke gabana shi ne lokacin da ake ɓatawa, da abubuwan da ake yi wa yaro yana tsakiyar jijjiga. Cokali ba ya hana komai, haƙori kawai yake karyawa, domin mutum ba ya haɗiye harshensa. Rubutu ko jiƙo ko manja da aka ɗura wa wanda bai san inda kansa yake ba, huhu yake wucewa, ya shaƙe shi ko ya bar shi da ciwon huhu. Hayaƙi a ɗaki rufe kuwa yana rage masa iskar da yake fama ya shaƙa. Mun ga tafin ƙafar da aka kara a garwashi wai don yaro ya farfaɗo. Ƙunar ta fi ciwon daɗewa.

Idan yaro ya fara jijjiga, a kwantar da shi ta gefe a kan tabarma, nesa da murhu da ruwa. A sassauta igiyar wuya da tufafi, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa. A dubi agogo: in ta wuce minti 5, ko ta dawo, ko bai farka sosai ba, a kama hanya ko da tsakar dare ne. Addu'a ana iya yin ta a cikin Keke. Mai farfaɗiya ma haka ake yi masa, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, don haka a daina darewa a bar shi cikin wuta ko kwata.

Gara ma kada a kai ga haka. Zazzaɓin yaro kada ya kwana ya wuni ba a gwada jini ba, kuma asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa wannan, ba sai an je babban asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ba. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, na yara daga wata 3 zuwa 59, a ba da shi kwana ukun cif a kowane zagaye. Gidan sauron da aka raba, wanda nake gani an kewaye shukar rama da shi a bayan gida, a ɗaura wa yara shi.

Yaron ya tashi. Bayan mako biyu uwarsa ta kawo shi ya gaishe ni, da giɓinsa. Na tambaye ta tsohuwa mai ƙosai. Ta sunkuyar da kai ta ce tun ranar ba ta sake ɗora kasko ba, ɗiyarta ta zo ta tafi da ita Giwa.