Waiwaye: Yadda rigimar Elmina ta kai sojojin Ingila Kumasi a 1874

Ranar 4 ga Fabrairun 1874 Janar Garnet Wolseley na Ingila ya shiga Kumasi, babban birnin Asante a ƙasar Gana ta yau, bayan kwana biyu ya sa aka cinna wa birnin wuta ya juya. Amma tushen rigimar yana bakin teku, a Elmina, gidan dutsen da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda mutanen Holan suka ƙwace a 1637.

Elmina ita ce ƙofar Asante zuwa teku. Ta nan zinare ke fita, bindigogi da albarushi da tufafi su shigo. Mutanen Holan suna biyan sarkin Asante wasu kuɗi a kai a kai, shi yana ɗaukarsu a matsayin kuɗin haya, wato ƙasar tasa ce. Da aka hana cinikin bayi, ribar wurin ta ja baya, sai Holan ta miƙa wa Ingila gidajenta na gaɓar a 1872, ita kuma Ingila ta sakar mata mara a tsibirin Sumatara. An yi cinikin ne a Turai, ba wanda ya nemi yardar Kumasi. Ga Sarki Kofi Karikari, ma'anar wannan ita ce duk hanyoyin teku sun koma hannun Ingila da ƙawayenta Fante, mutanen gaɓar, waɗanda suka saba tare fataken Asante a duk lokacin da aka ɓata. A farkon 1873 rundunarsa ƙarƙashin Amankwatia ta haye kogin Pra ta nufi kudu.

Ingila ta san abin da ke jiranta. A 1824 Asante sun kashe gwamnanta Charles MacCarthy a fagen fama, a 1864 kuma zazzaɓi da atuni sun cinye rundunar da ta tara a bakin Pra tun ba ta ga abokin gaba ba. Saboda haka Wolseley ya gina shirinsa a kan lokaci: sojan Bature zai sauka ne da rani, ya yi abin da ya kawo shi, ya bar ƙasar kafin ruwa ya sauko a watan Maris.

Ya iso Cape Coast a watan Oktoban 1873 da zaɓaɓɓun hafsoshi 'yan kaɗan, ya fara da aikin hanya. Injiniyoyi ƙarƙashin Manjo Robert Home suka sare kurmi daga teku zuwa Prasu da ke bakin kogin Pra, tafiyar mil 70 da 'yan kai, suka ɗora gadoji fiye da 200 a kan rafuka, suka kuma shimfiɗa babbar gada a kan Pra ɗin kanta. A kowane zango an yi bukkoki da gadajen kwanciya da ke sama da ƙasa, da ruwan da aka tace, da wurin jinya. An cire wa sojojin jan kaftanin da aka san su da shi aka ɗinka musu mai ruwan toka, aka riƙa ba su kwinin. Da jiragen da suka ɗauko sojojin Turai kimanin 2,500 suka iso a Disamba, Wolseley ya ce su koma cikin teku su yi ta yawo har Janairu, don hanya ba ta kammala ba kuma ba ya son zazzaɓin gaɓa ya fara da su.

Inda shirin ya kusa wargajewa shi ne wajen 'yan dako. Dabbobin kaya ba sa daɗewa a kurmin saboda ƙudan tsando, don haka kowane akwatin harsashi da buhun shinkafa a kan mutum zai tafi. Dubban Fante da aka tara suka yi ta gudu da dare, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai da Kanar George Colley ya karɓi aikin, aka matsa wa sarakuna, aka haɗa har da mata, aka kuma sa sojojin da aka kawo daga tsibiran Karibiyan ɗaukar kaya. Labarin nasarar ya fi ambaton bindigar Snider, wadda ta fi adakar Asante nisa da sauri, amma ba don waɗannan kawunan ba da bindigar ba ta wuce Prasu ba.

Akwai Hausawa a ciki. Kyaftin John Glover, wanda tun 1863 ya fara tara dakarun Hausa a Legas, yawancinsu bayin da suka tsere, shi aka ba reshen gabas ta wajen kogin Volta. Wasu Hausawan kuma su ne masu harba igwa ƙarƙashin Kyaftin Rait a gumurzun Amoaful ranar 31 ga Janairu, wanda ya buɗe hanyar Kumasi. Glover ya iso birnin ne bayan an ƙone shi, sai dai zuwan nasa ya ƙara sa Kofi Karikari neman sulhu.

Yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinare, da sakin Elmina da ƙasashen kudu, da barin hanyar ciniki a buɗe daga Pra zuwa Kumasi. Kaɗan daga zinaren aka biya. A cikin shekarar Ingila ta ayyana gaɓar a matsayin ƙasar mallaka, Asante kuma suka tuɓe Kofi Karikari.

Girgizar ta kai har ga fataken Gwanja. Salaga, inda ayarin Kano da Katsina ke sayen goron Asante, ta yi tawaye da jin Kumasi ta faɗi. Asante suka rama ta hanyar hana goro zuwa can, kasuwar ta koma Kintampo da Atebubu. Daga baya goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Legas, madugai da yawa suka sauya hanya.